Wai me ake nufi in an ce waƙa ta hau lamba ɗaya?

Kullum muna gani ana rubuta wai waƙar wane ta hau lamba ɗaya a Billboard, mutane na ta taya murna, amma da yawa in ka tambaye su lamba ɗayan me, sai a yi shiru. To abin da Turawa ke ce wa chart ne, wato jadawalin da ke jera waƙoƙi duk sati daga wadda ta fi tashe zuwa ƙasa. Wanda ya fi suna shi ne Hot 100 na mujallar Billboard ta Amurka, tun 1958 ake fitar da shi, waƙa ɗari cif.

Ba wasu alƙalai ne ke zama su zaɓi mai daɗi ba fa, lissafi ne zalla. Ana haɗa sau nawa aka saurare ta a intanet, irin su Spotify da Apple Music, da yawan mutanen da suka ji ta a rediyo, da kwafi nawa aka saya, duk a cikin Amurka kaɗai, kuma satin lissafin daga Juma'a yake farawa ya ƙare Alhamis, shi ya sa za ka ga manyan mawaƙa ranar Juma'a suke sakin waƙa don kar kwana ɗaya ya wuce su.

Inda abin ke taɓa ni shi ne in waƙar ita ce ta fito da mai ita. Dubi mawaƙiyar Amurka Olivia Rodrigo, shekararta 17 lokacin da ta saki Drivers License a Janairun 2021, waƙar soyayya ce ta yarinyar da ta samu lasin tuƙi tana wucewa ta unguwar saurayin da suka rabu ita kaɗai a mota. Satin farko ta faɗo kai tsaye kan lamba ɗaya ta yi sati takwas a wurin, kafin nan galibi a shirye-shiryen talabijin na Disney aka san ta.

Amma fa ba dole sai lamba ɗaya ba. Waƙar Love Nwantiti ta mawaƙin Najeriya CKay tun 2019 ta fito, sai 2021 TikTok ya ɗaga ta, a Hot 100 ko goman farko ba ta shiga ba, amma wallahi ita ta kai sunan yaron nan ƙasashen da ko kalma ɗaya ta baitin ba sa ji, suna bin amshin kawai.