Waiwaye: Yadda aka yi ta neman Atlantis daga Kirit har Ife

Duk labarin Atlantis daga bakin mutum ɗaya ya fito, wato Aflatun, masanin falsafar Girka, cikin rubuce-rubucensa biyu, Timaeus da Critias, wajen shekara 360 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ya ce limaman birnin Sais na Masar ne suka ba Solon, wani dattijon siyasar birnin Atina na Girka, labarin Atlantis, wani tsibiri mai rundunar jiragen ruwa bayan mashigin Jibralta, wanda ya yaƙi Atina shekara 9,000 kafin Solon, sannan teku ya haɗiye shi cikin yini da dare. Har yau ba a samu rubutun Masar ko guda da ya ambace shi ba.

Ignatius Donnelly, ɗan siyasar Amurka, shi ya farfaɗo da zancen a 1882, yana cewa tsibirin na tsakiyar Atlantika. Auna ƙasan teku ya rushe wannan: dutsen da ke can na aman wuta ne, mai nauyi, ba irin na nahiya ba.

Sai aka koma Bahar Rum, inda zancen ya fi nama. A 1939 Spyridon Marinatos, masanin kayan tarihi ɗan Girka, ya ce fashewar dutsen Tera, wato Santorini, kimanin kilomita 110 arewa da tsibirin Kirit, ita ta karya mutanen Minowa, tsofaffin mazauna Kirit, gwanayen jirgin ruwa, waɗanda wasu ke ganin su ne tushen labarin Atlantis. Daga 1967 ya tono garin Akrotiri a ƙarƙashin toka, da benaye da zanen jirage a bango. Don lissafi ya daidaita, masu wannan ra'ayi suka ce an yi kuskure, 900 ake nufi ba 9,000 ba. A nan gizo ke saƙar. Gwajin kabon, mai gano daɗewar abu, a kan reshen zaitun da toka ta binne ya kai fashewar wajen 1600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), alhali fadojin Kirit ba su rushe ba sai wajen 1450 kafin haihuwarsa. Ga shi kuma Kirit tana nan, ba ta nutse ba.

Jürgen Spanuth kuwa, wani fasto a Jamus, a 1953 ya jingina labarin ga “Mutanen Teku”, maharan da suka far wa Masar ta teku. Su dai na gaske ne: bangon haikalin Medinet Habu da ke Masar ya nuna yaƙinsu da Fir'auna Ramses III wajen 1177 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), da sunaye irin su Peleset da Tjeker. Amma ya kai Atlantis kusa da tsibirin Heligoland a Tekun Arewa, kuma don lokaci ya dace, sai da ya mai da shekarun Aflatun watanni.

Najeriya ma ba ta tsira ba. A 1910 Bajamushe Leo Frobenius ya ga ƙerarrun kawunan mutum-mutumi na Ife ya ce ragowar Atlantis ne, don bai yarda baƙar fata za su iya irin wannan ƙira ba. Bincike ya nuna aikin maƙeran Ife ne, mafi yawa tsakanin ƙarni na 12 da na 15.