M-Pesa

M-Pesa tsari ne na ajiye kuɗi da aika su da biyan ciniki ta wayar hannu, wanda kamfanin sadarwa na Safaricom ya ƙaddamar a ƙasar Kenya a watan Maris na 2007 da haɗin gwiwar kamfanin Vodafone na Birtaniya. Harafin M ya fito ne daga kalmar Turanci mai nufin wayar tafi-da-gidanka, ita kuwa pesa kalmar Swahili ce da ke nufin kuɗi. Ba shi ne tsari na farko irinsa a duniya ba, domin a ƙasar Filifin an riga an fara Smart Money wajen 2001 da GCash a 2004, amma shi ne ya fi shahara, kuma da shi ake yawan buga misali idan ana batun yadda ɗan kasuwa zai karɓi kuɗin ciniki, ya biya masu kawo masa kaya, ya sallami ma'aikata, ba tare da ya taka ƙafarsa zuwa shago ko banki ba.

Asali

Tun farkon shekarun 2000 masu bincike suka lura cewa mutane a wasu ƙasashen Afirka, ciki har da Yuganda da Botswana da Ghana, sun mayar da katin waya tamkar kuɗi. Mutum zai sayi kati a birni, ya tura wa ɗan'uwansa lambobin a ƙauye, shi kuma ya sayar wa wani ya karɓi kuɗi a hannu. A Kenya wannan dabara ta ƙara sauƙi bayan da Safaricom ya fito da Sambaza wajen 2005, hanyar da ke ba mai layi damar tura wa wani kuɗin kira kai tsaye.

Shi dai tunanin M-Pesa ana danganta shi da Nick Hughes, wani ma'aikacin Vodafone a Birtaniya, wanda a 2003 ya nemi tallafi daga wani asusu na ma'aikatar raya ƙasashe ta gwamnatin Birtaniya, wadda a lokacin ake kira DFID. An ba shi kusan fam miliyan ɗaya, Vodafone kuma ya zuba kwatankwacin haka. Abin da aka nufa da farko ba aika kuɗi tsakanin mutane ba ne. Manufar ita ce a sauƙaƙa wa cibiyoyin ba da ƙananan rance hanyar raba bashi da karɓar biya, saboda jami'ansu kan ɓata lokaci mai yawa suna yawo da tsabar kuɗi daga wannan ƙungiya zuwa waccan. Aka tura Susie Lonie zuwa Nairobi domin ta jagoranci aikin a ƙasa, wani kamfani na yankin Kambirij mai suna Sagentia ya rubuta manhajar, cibiyar rance ta Faulu Kenya ta kawo mutanenta, bankin Commercial Bank of Africa kuma ya riƙe kuɗin.

An fara gwaji a watan Oktoba na 2005 da mutum kimanin 500 da shagunan wakilai takwas, wato masu karɓa da ba da tsabar kuɗi, a tsakiyar Nairobi da unguwar Mathare da garin Thika. A nan ne abin ya sauya hanya. Biyan bashin ya zo da tangarɗa, musamman da yake Faulu na aiki da takardu, kuma mutane da suka ga za su iya biya ta waya sai suka rage zuwa taron mako-mako, alhali a kan wannan taro tsarin rancen ya dogara. Amma da masu aikin suka duba yadda kuɗi ke yawo a cikin tsarin, sai suka tarar mutane na yin abubuwan da ba wanda ya koya musu. Wasu na biya wa wasu bashi a madadin wani aiki da aka yi musu. 'Yan kasuwa na biyan junansu kuɗin kaya. Wasu na zuba cinikin yini a wajen wakili da yamma su bar shi ya kwana a waya, tun da bankuna kan rufe kafin shaguna su tashi. Akwai kuma matafiya da ke zuba kuɗi kafin su shiga mota, su cire idan sun sauka, don gudun ɓarayin hanya. Ke nan tun a lokacin gwaji, ƙananan 'yan kasuwa ne suka nuna wa masu tsarin abin da suka ƙera.

Da aka kammala gwajin a 2006, Safaricom a ƙarƙashin shugabansa na lokacin, Michael Joseph, ya ajiye batun rance gefe, ya fito da tsarin a matsayin hanyar aika kuɗi zalla. Tallar farko gajeriya ce, ma'anarta ita ce "aika kuɗi gida", kuma ta dace da rayuwar Kenya, inda magidanta da yawa ke aiki a Nairobi ko Mombasa iyalinsu kuwa suna karkara. Kafin wannan lokaci, mai son aika kuɗi sai dai ya ba direban mota ko wani ɗan garinsu mai tafiya, ko ya bi ta gidan waya. Kafin shekarar 2007 ta ƙare masu rajista sun haura miliyan ɗaya.

Hukuma da bankuna

A lokacin ƙaddamarwa Kenya ba ta da dokar da ta yi magana a kan kuɗin waya. Babban Bankin Kenya ya duba tsarin, ya ga ba aikin banki ba ne a idon doka, tun da kamfanin ba ya juya kuɗin mutane ko ba da rance da su, sai ya rubuta wa Safaricom takardar da ke cewa ba shi da ja, bisa sharaɗin a riƙa ba shi rahoto kuma a ajiye kuɗin jama'a a asusun amana. Njuguna Ndung'u, wanda ya zama gwamnan bankin a 2007, ya ci gaba da wannan manufa ta barin abu ya yi aiki tukuna kafin a rubuta masa ƙa'ida. Masu nazari da yawa na ganin wannan sassauci ya fi fasahar kanta tasiri wajen nasarar M-Pesa.

Rikicin da ya biyo bayan zaɓen Disamba na 2007 ya ƙara wa tsarin karɓuwa, domin hanyoyi sun toshe, rassan bankuna da dama sun rufe, kuma waya ce ta rage wa mutane hanyar kai taimako ga 'yan'uwan da rikici ya rutsa da su. Bankuna ba su ji daɗin wannan bunƙasa ba, suka yi ta ƙorafin cewa kamfanin waya na aikinsu ba tare da nauyin dokokin da ke kansu ba. A watan Disamba na 2008 muƙaddashin ministan kuɗi John Michuki ya ba da umarnin a binciki tsarin, sakamakon da ya fito a farkon 2009 kuma ya wanke shi. Dokar tsarin biyan kuɗi ta ƙasa ta zo a 2011, ƙa'idojinta suka biyo baya a 2014.

Yadda yake aiki

Mai son shiga yakan je wajen wakili da katin shaidarsa, a yi masa rajista a kan layinsa, ya zaɓi lambar sirri. Jerin umarnin M-Pesa yana cikin katin SIM ne, shi ya sa ƙaramar waya mai maɓallai ta isa, ba a buƙatar intanet, kuma kowace hulɗa tana ƙarewa da gajeren saƙo mai ɗauke da lambar shaida wanda ke zuwa wa ɓangarorin biyu. Wannan saƙo shi ne rasit.

Wakili shi ne ginshiƙin tsarin. Galibi mai kanti ne ko mai sayar da katin waya, a cikin rumfa mai koren fenti, wanda ya riga ya sayi kuɗin lantarki daga kamfanin da nasa jarin. Idan mutum ya kawo tsaba, wakili ya karɓa ya tura masa daidai adadin daga nasa asusun. Idan cirewa aka zo yi, sai a juya. Saboda haka wakilin birni yakan tara tsaba kuɗin wayarsa ya ƙare, na ƙauye kuwa tsabar ce ke yanke masa, kuma daidaita waɗannan biyu ta hanyar zuwa banki ko wajen babban wakili shi ne wahalar sana'ar. Zuba kuɗi kyauta ne, a kan aikawa da cirewa ake cajin mutum, gwargwadon yawan kuɗin. Kowane shilin, wato kuɗin Kenya, da ke cikin waya yana da takwaransa a asusun amana a bankunan kasuwanci, kuma ruwan da asusun ke haifarwa ayyukan jinƙai ake kai shi.

Har zuwa 2015 na'urorin da ke riƙe da tsarin suna ƙasar Jamus ne, a watan Afrilu na wannan shekara aka kawo tsarin Kenya.

Amfaninsa ga masu kasuwanci

Shekarun farko 'yan kasuwa da lambar wayarsu ta kansu suke karɓar kuɗi, abin da ya sa kuɗin shago da na cefane suke cakuɗewa. Daga baya kamfanin ya bi sawunsu da hanyoyi na musamman. Ta farko ita ce lambar biyan kuɗi ta ma'aikatu, wadda makarantu da kamfanin wutar lantarki da masu gidajen haya ke amfani da ita, inda mai biya ke shigar da lambar ma'aikatar sannan ya ƙara tasa lambar shaida, don a san wanda ya biya. A 2013 aka fito da Lipa na M-Pesa, wato "biya da M-Pesa", wadda ke ba shago lambar kansa da ake liƙawa a bango. A nan ne gudanar da kasuwa daga nesa ya samu gindin zama: kuɗin ciniki ba ya biyowa ta hannun yaron shago, kai tsaye yake shiga asusun kasuwancin, kuma maigida na iya ganin abin da ya shigo ko da yana wani gari. Mai shaguna uku ko mai babura goma a hannun 'yan acaɓa, waɗanda a can ake kira boda boda, yana iya karɓar balas ɗinsa kowace yamma ba tare da ya ga kowa ba.

Akwai kuma hanyar biyan mutane da yawa a lokaci guda, wadda kamfanoni da ƙungiyoyin agaji ke bi wajen biyan leburori da manoma. A 2017 Safaricom ya buɗe Daraja, ƙofar da masu rubuta manhaja ke bi su haɗa shafukan sayar da kaya da littattafan lissafi na kwamfuta da M-Pesa, ta yadda biya na shigowa za a rubuta shi da kansa. Kalmar ta Swahili ce, kuma a nan gada take nufi, ba ƙima ba kamar yadda Bahaushe zai zata. Manhajar 'yan kasuwa ta manyan wayoyi ta fito a 2020, kuma wajen wannan lokaci aka ƙara Pochi la Biashara, wato lalitar kasuwanci, domin masu ƙaramin jari irin su mata masu sayar da kayan miya, wadda ke ware kuɗin sana'a daga na aljihu a layi ɗaya, kuma mai saye ba ya iya janye abin da ya biya sai da yardar mai kaya.

Wasu sana'o'in ma a kan tsarin aka gina su tun daga tushe. Kamfanin M-Kopa yana ba da fitilu da faifan hasken rana bashi, ana biya kaɗan-kaɗan ta waya, kuma na'urar na kulle kanta idan biya ya tsaya.

Rance

Batun rance da aka ajiye a 2006 ya dawo ta hannun bankuna. M-Shwari ya fara a watan Nuwamba na 2012, KCB M-Pesa a 2015, sai Fuliza a watan Janairu na 2019, wanda ke cike wa mutum giɓi idan kuɗin wayarsa bai kai abin da zai biya ba. Ana auna abin da za a ba mutum ne da tarihin hulɗarsa a layin.

Muhawara

Wani bincike na Tavneet Suri da William Jack da aka buga a 2016 ya ƙiyasta cewa tsarin ya fitar da gidaje kimanin 194,000 daga talauci, wato kashi 2 cikin ɗari na gidajen Kenya, kuma ya taimaka wa mata da yawa barin noma zuwa sana'a. A 2019 Milford Bateman da abokan aikinsa sun soki hanyar binciken, suna cewa bai lissafa sana'o'in da suka durƙushe da bashin da ya hau kan mutane ba. Ana kuma ƙorafi a kan tsadar caji da mamaye kasuwa. A 2014 aka kawo ƙarshen sharaɗin da ya hana wakilan M-Pesa yi wa wasu kamfanoni aiki, a 2018 kuma aka fara tura kuɗi kai tsaye tsakanin layuka daban-daban. Damfara ta hanyar saƙon bogi da sauya katin SIM matsala ce da ta daɗe.

A wasu ƙasashe

Tanzaniya ta samu M-Pesa a 2008 ta hannun kamfanin sadarwa na Vodacom, kuma ya kafu a can, haka ma a Mozambik da Lesotho da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango. A Afganistan kamfanin Roshan ya kawo shi a 2008 da sunan M-Paisa, aka gwada biyan albashin 'yan sanda da shi, inda aka ruwaito cewa wasunsu sun ɗauka ƙarin albashi aka yi musu, alhali cikakken haƙƙinsu ne ya fara isowa ba tare da an yaga a hanya ba. Inda bankuna suka riga suka yi ƙarfi kuwa bai yi kasuwa ba: an fara shi a Afirka ta Kudu a 2010 aka rufe a 2016, a Indiya aka rufe a 2019, a Romaniya da Albaniya ma bai daɗe ba. A 2020 Safaricom da Vodacom suka sayi sunan da haƙƙin tsarin daga Vodafone, a watan Agusta na 2023 kuma aka ƙaddamar da shi a Habasha.

M-Pesa bai shiga Najeriya ba. Babban Bankin Najeriya ya daɗe bai yarda kamfanonin waya su jagoranci harkar kuɗi ba, sai a 2018 ya fitar da ƙa'idar wani sabon nau'in lasisi, wanda a ƙarƙashinsa MTN da Airtel suka fara nasu a 2022.