Mene ne Kurzarbeit, tsarin da Jamus ke kare guraben aiki da shi?

Kurzarbeit kalmar Jamusanci ce da ke nufin gajeren aiki. Tsari ne da kamfani ke bi idan kasuwa ta faɗi: maimakon ya sallami ma'aikata, sai ya rage musu awannin aiki, gwamnati ta cike wani ɓangare na albashin da suka rasa. Hukumar samar da ayyukan yi ta tarayya, mai hedikwata a Nuremberg, ita ke biya daga asusun inshorar rashin aikin yi: kashi 60 cikin 100 na abin da ya ragu, kashi 67 ga mai 'ya'ya.

A ce ga mai walda a masana'antar kayan mota, yana aiki kwana 5 a mako. Oda ta tsaya, aka mayar da shi kwana 3. Kamfani zai biya shi na kwana 3, hukuma ta biya kasonta na sauran 2. To, kwana biyun nan me zai yi da su? Nan horo ya shigo. Maimakon zaman kashe wando, sai ya shiga kwas ya koyi sarrafa injin walda mai aiki da kwamfuta, har ya samu takardar shaida. Ran da oda ta dawo, kamfani ba zai fita neman sabon hannu ba, wanda ya san kan injinan yana nan, ya ma ƙara gogewa.

A rikicin tattalin arziki na 2009 gwamnati ta yi wa kamfanoni tayi mai daɗi: za a mayar musu da rabin kuɗin inshorar da suke biya wa ma'aikacin da aka rage wa aiki, in kuwa yana karɓar horo a mayar musu duka. Aka kuma tsawaita wa'adin tallafin zuwa wata 24. A watan Mayun shekarar, ma'aikata kusan miliyan ɗaya da rabi ne ke cikin tsarin. Tattalin arzikin ƙasar ya ragu da sama da kashi 5, amma rashin aikin yi bai ƙaru sosai ba. A Afrilun 2020, lokacin korona, adadin ya kai kimanin miliyan 6.

Sai dai a faɗi gaskiya, ɓangaren horon ya fi kyau a takarda. Kaɗan ne daga cikin ma'aikatan suka shiga kwas a 2009. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: manajan da bai san ko oda za ta dawo mako mai zuwa ba, da wuya ya saki ma'aikacinsa kwas na wata uku.

Kuma tsarin na faɗuwar kasuwa ce ta ɗan lokaci. Kamfanin da kayansa suka daina shiga kwata-kwata, tallafin jinkirta rufe shi kawai yake yi. Masu ƙananan ayyukan da ba a cire musu kuɗin inshorar rashin aikin yi kuwa, irin masu kai abinci teburi a gidajen abinci na 'yan awanni, ba sa cikin tsarin, su ne kuma aka fara sallama a 2020.