Karta Ba Ta Tuna Abin Da Ya Wuce

Akwai maganar da sababbin shiga gasar karta ta foka, irin wadda ake yi a Las Vegas ta Amurka, suka daɗe suna maimaitawa: wai idan an jima ana raba maka katunan banza, to masu kyau suna tafe. Awanni goma a kan kujera za su iya sa kowa ya yarda da haka.

Amma katunan 52 ne, kuma sai an gauraya su kafin kowane rabo. A salon foka da ake kira Texas Hold'em, katuna biyun farko da ake raba wa ɗan wasa na iya zuwa ta hanyoyi 1,326. Shida kacal ne a ciki suke ba da katin A (kati mafi girma) guda biyu, wato sau ɗaya cikin 221. Wannan lissafi ba ya canzawa, ko ka jira minti biyar ko ka wuni.

Abin da ke damuna shi ne, wannan zato kan sa mutum zuba kuɗi a rabon da ya kamata ya ajiye.

Ku gwada a gida: ku gauraya, ku raba biyu, ku rubuta, ku yi ta maimaitawa, ku ga ko rabon baya yana shafar na gaba.

Don Allah a tura wa wasu.