Abarba a cikin ɗaki: jan hankali ga 'yan uwa mazauna ƙasashen sanyi

'Yan uwa mazauna Ingila, Jamus, Kanada da makamantansu, abarba tana yi a cikin ɗaki, amma sai an san halinta. Asalinta Kudancin Amurka ne, ƙasar zafi, kuma ta fi sakewa tsakanin digiri 20 zuwa 30 a ma'aunin Selshiyas. Da an sauko ƙasa da 15 girmanta zai ja baya, idan kuwa sanyin ƙanƙara ya taɓa ta, sai dai a sake wata. A ƙarni na 18 attajiran Ingila da Holan gina mata ɗakin gilashi suke yi, wasu su ɗumama shi da kashin doki mai ruɓewa. Ku da kuke da hita, aikinku ya zo da sauƙi.

Iri ba sai kun saya ba. Tukkun ganyen da ke kan abarbar kanti shi ne irin. Ku zaɓi wadda ganyenta na tsakiya kore ne shar, ku murɗe tukkun ya fita, ku kankare duk tsokar da ta maƙale, don daga nan ruɓa take farawa. Ku tsige ganyen ƙasa har ɗan guntun kara ya bayyana. Za ku ga wasu ƙananan ƙulle-ƙulle a jikinsa, saiwa ce ke shirin fitowa. A shanya shi a inuwa kwana biyu ko uku bakin ya bushe, sannan a dasa a tukunya mai huda a gindi, cikin ƙasar shuka da aka gauraya da yashi mai tsakuwa. Bayan kamar wata biyu ku ɗan ja shi a hankali. Idan ya ƙi tasowa, ya kama.

Ga inda nake so ku ba ni aron hankalinku. Galibin abarbar da ke mutuwa a ɗaki ba ƙishirwa ke kashe ta ba, ruwa ne. Ita shuka ce mai tattalin ruwa, ƙofofin numfashin ganyenta ma da dare suke buɗewa, da rana a rufe suke. A hunturu, rana ba ƙarfi, girma ya ja baya, kusan ba ta shan komai. Mai gida kuma ya ga bakin ganye ya ɗan bushe saboda iskar hita, sai tausayi ya kama shi ya yi ta kwarara mata ruwa. Sanyi da laima su haɗu a gindi, saiwa ta ruɓe, ran nan a taɓa ganyen tsakiya ya zare kamar an zare tsinke daga tsire, da wari. Ku tura yatsa cikin ƙasar. In da danshi, ku ƙyale ta. Kada ruwa ya kwana a farantin da ke ƙarƙashin tukunya. Inda ruwan famfo ke barin farin ɓawo a buta, kamar Landan, ruwan sama ya fi mata. Taki kuwa sai lokacin ɗumi, kaɗan, sau ɗaya a wata.

Sai haske. A Disamba yinin Landan bai cika awa 8 ba, shi ma rabi hazo ne. Ku ajiye ta a tagar da ke kallon kudu, in da hali ku ƙara da fitilar shuka awa 12 a rana. Da dare a janye ta daga jikin gilashi, kuma kada a ɗora ta kan hita. Masu yara ƙanana su kula, bakin ganyen yana da tsini, ga shi tana buɗewa har kusan mita guda.

Ba na ɓoye muku, wannan ba noman mai gaggawa ba ne. Shekara 2 zuwa 3 ake yi kafin a ga ɗa, wani lokaci fiye, ɗan kuma ɗaya tak, bai kai na kanti girma ba. Idan ta girma sosai ta ƙi fure, ku sa ta cikin babbar leda tare da nunanniyar tuffa, a ɗaure mako guda a inuwa. Iskar etilin da tuffar ke fitarwa ce ke tunzura ta. Manoman tsibirin Azores na Fotugal da hayaƙi suke wannan dabarar a ɗakunan gilashinsu. Ku dai kada ku kunna wuta a ɗaki. Daga fure zuwa nuna a ba ta kamar wata 6, sai gindin ya yi rawaya ƙanshi ya tashi a yanke, don abarba ba ta ƙara zaƙi bayan an cire ta.

Kada ku yar da uwar. Za ta fitar da 'ya'ya ta gefe, a ɓalle su a dasa, kuma sun fi tukku saurin haihuwa.