Ciki da haihuwa a tsakanin Hausawa mazauna Saudiyya

Hausawan da ke haihuwa a Saudiyya sun kasu kashi-kashi. Akwai zuriyar alhazan da suka zauna tun kaka da kakanni, waɗanda da yawansu yanzu 'yan ƙasa ne masu laƙabin Hausawi. Akwai ma'aikata da ɗalibai masu igama, wato takardar izinin zama, da waɗanda suka shiga da bizar Hajji ko Umara suka maƙale, waɗanda ake kira Takari, sai kuma mahajjatan da naƙuda ke kamawa a lokacin ibada. Ko da asibitin ɗaya ne, matsayin jaririn ya dogara ne ga takardun iyayensa, musamman na uba.

Tarihi

Kafin zuwan jirgin sama, tafiya Makka daga ƙasar Hausa tafiyar shekaru ce. Ayari kan tashi ta Barno, ya ratsa Wadai da Darfur da Kordofan har ya kai Kogin Nilu, daga nan a nufi Sawakin a bakin Bahar Maliya, a hau jirgin ruwa zuwa Jidda ko wata ƙaramar tasha a kudu da ita. Mafi yawan matafiyan talakawa ne, kuma da iyalinsu suke tafe. Idan guzuri ya ƙare sai a ya da zango a yi noma ko ƙwadago damina ɗaya ko biyu, a tara abin hanya a ƙara gaba. A irin waɗannan zangunan ake ɗaukar ciki, a haihu, a yaye, wani yaron ma sai ya yi wayo kafin iyayensa su ga Ka'aba. Tsofaffin matan ayari su ne ungozomomi, su ke yanke cibiya su binne mabiyiya, su kuma haɗa wa mai jego ruwan wanka da ganyen da aka samu a wurin.

Yawan masu wannan tafiya ya ƙaru bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi hijira zuwa gabas, aka kashe shi a yaƙin Burmi a shekarar, ɗansa Mai Wurno ya ci gaba da jama'a har suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa kusa da Sinnar a Sudan. Daga 1925 gonakin auduga na Jazira sun riƙe dubban matafiya, har aka sami zuriyar da aka haifa a Sudan, ta tsufa a can, alhali tana ɗaukar kanta a kan hanyar Makka take. Waɗanda suka tsallaka kuwa sun taru a unguwanni irin su Misfala da Shara Mansur a Makka, da wasu sassan Jidda da Madina. Rahotannin Turawan mulki sun ambaci sace 'ya'yan matafiya da sayar da su a Hijaz, yankin Makka da Madina. An haramta bauta a Saudiyya a 1962.

Wajen shekarun 1950 jirgin sama ya fara karɓe jigilar alhazai, tafiyar ƙasa ta riƙa ja baya. Iyalan da suka sami rajista a farkon kafuwar masarautar, wadda aka ayyana a 1932, 'ya'yansu sun gaji zama 'yan ƙasa. Maƙwabtansu da ba su yi ba, ko suka iso daga baya, jikokinsu har yau baƙi ne a garin da aka binne cibiyarsu.

Ɗan wace ƙasa?

Dokar zama ɗan ƙasa ta 1954 ta bi jinin uba. Haihuwa a Makka ko Madina, duk da albarkar da mutane ke gani a cikinta, ba ta ba yaro fasfon Saudiyya. Wanda uwarsa 'yar ƙasa ce, ubansa baƙo, zai iya nema idan ya cika shekara 18, bisa wasu sharuɗɗa. A ɓangaren Najeriya, sashe na 25 na tsarin mulkin 1999 ya ɗauki wanda aka haifa a waje a matsayin ɗan ƙasa muddin uwa ko uba ɗan Najeriya ne.

Awo da asibiti

Asibitocin gwamnati kyauta ne ga 'yan ƙasa. Baƙo mai aiki a kamfani yana dogara ne da inshorar lafiya da doka ta wajabta wa mai aiki ya yi masa da iyalinsa, kuma tana ɗauke awon ciki da haihuwa zuwa wani adadi. Wanda ba shi da ita sai ya biya daga aljihu, kuma tiyata ta fi tsada nesa ba kusa ba. Mace baliga na da ikon sa hannu a yi mata tiyata, ko da yake wasu asibitoci na neman hannun miji.

Hutun haihuwa na ma'aikaciya ya tashi daga mako 10 zuwa 12 a 2025, na uba kwana 3 ne. Masu aikatau a gidaje na ƙarƙashin wani tsari na daban.

Takardu

Asibiti kan ba da takardar sanarwar haihuwa, da ita da takardar aure da igamar iyaye ake karɓar shaidar haihuwa daga ofishin Ahwal mai rajistar jama'a, cikin kwana 30. Daga nan a nemi fasfo a ofishin jakadancin Najeriya da ke Riyad ko ƙaramin ofishin Jidda, sannan hukumar shige da fice ta Jawazat ta yi wa jariri igama. Tun Yulin 2017 ana biyan haraji a kan kowane ɗan iyalin baƙon ma'aikaci, wanda ya fara da riyal 100 a wata ya kai 400 a 2020, abin da ya sa magidanta da dama suka mai da iyalinsu gida.

Matar da ba ta da igama kan guji asibiti don tsoron kame, ta haihu a ɗaki a hannun ungozoma, a unguwanni kamar Karantina ta Jidda kafin a rushe ta. Yaron da ya tashi haka ba makarantar gwamnati, ba aikin albashi. Idan aka kama shi sai sansanin tsare baƙi na Shumaisi, daga nan a sauke shi a Kano ko Abuja, sau da yawa Larabcinsa ya fi Hausarsa.

Jego da suna

Goyon ciki, wato komawar mai cikin fari gidan iyayenta, yana da wuya ga baƙi, don haka masu hali kan ɗauko uwa ko goggo da bizar ziyara ta zo ta yi zaman jego. Wankan safe da yamma na kwana arba'in ya koma banɗaki da ruwan hita maimakon tukunya a kan murhu, ganyen darbejiya kuwa ana samu. Kanwa da yaji da daddawa ba sa yankewa a kasuwannin Takari. Likitoci dai na jan kunne a kan kunun kanwa, tun binciken da aka yi a Zariya a shekarun 1970 da ya danganta yawan shansa da gasa jiki da zafi da ciwon zuciyar masu jego. An kuma ari wasu abubuwa daga maƙwabta Larabawa, kamar shan hulba.

Ranar bakwai ake raɗa suna a yi aski. Yanka a ƙofar gida ba ya yiwuwa a gidajen sama, sai a kai ragon mayanka a dawo da nama. Ɗanɗana wa jariri dabino da ɗiga masa zamzam abu ne da kusan kowane gida ke yi. Kaciyar maza a asibiti ake yi tun suna jarirai, saɓanin al'adar da ta ƙasar Hausa ta jira yaro ya kai shekara shida ko bakwai.

Mahajjata

Hukumar Alhazai ta Najeriya, wadda aka kafa a 2006, ta hana masu ciki tafiya, kuma ana gwaji kafin tashi. Duk da haka kusan kowace shekara akan sami wadda ta haihu ko ta yi ɓari a Makka, Madina ko Mina. Jaririn da aka haifa haka da takardar tafiya ta gaggawa yake komawa gida tare da uwarsa.