Gilashin tangaran: me ya sa wuta ba ta fasa shi?

Wane irin abu ne wannan?

Shi ne baƙin farantin nan mai santsi da ke saman murhun lantarki na zamani, kaurinsa milimita 4 kacal. Asalinsa gilashi ne. Ana narkar da yashi da sinadaran litiyam da alminiyam, a murza su zama falle, sannan a mayar da fallen tanderu. Da farko akan riƙe shi a zafin da ya ɗan haura digiri 700, domin sinadaran titaniyam da zakoniyam da aka barbaɗa a ciki su zama iri. Sai a ƙara wuta zuwa wajen digiri 900, ƙwayoyin kiristal su tsiro a kan irin. In an gama, kimanin kashi 70 cikin 100 na jikinsa ya koma kiristal, saura gilashi. Ƙwayoyin sun yi ƙanƙantar da haske ke ratsa su. Idan wutar ta zarce, sai su girma, abin ya yi fari fat kamar tangaran.

Wa ya gano shi?

Donald Stookey, masanin kamfanin Corning a Amurka, a 1953, kuma bisa kuskure. Ya so gasa wani gilashi a digiri 600, na'urar tanderun ta samu matsala, zafi ya kai 900. Da ya ciro shi ya tarar ya yi fari kamar madara. Ya suɓuce masa ya faɗi ƙasa, ya yi ƙara kamar ƙarfe, bai fashe ba. A 1958 aka fara sayar da tukwanen CorningWare da aka yi da shi. Kamfanin Schott na Jamus kuma ya fito da farantin murhu na Ceran a 1971.

Me ke hana shi tsagewa?

Wanda ya taɓa zuba tafasasshen shayi a kofin gilashi mai sanyi ya san ƙarar "tas". Cikin kofin ya kumbura, bayansa bai motsa ba, sai ya tsage. Gilashin taga mai tsawon mita ɗaya yakan ƙaru da kusan milimita ɗaya idan zafinsa ya hau da digiri 100. A gilashin tangaran kuwa, kiristal ɗin ɗan tsukewa yake yi in ya ji zafi, ragowar gilashin na buɗewa, sai su kashe juna. Shi ya sa tsakiyar murhu ke kai ɗaruruwan digiri, gefe na da sanyi, ruwa ya zubo a kai, ko gezau.

To me ke lalata shi?

Na farko sukari, kuma mutane da yawa ba su san wannan ba. In ruwan alewa ko madara mai sukari ta malalo kan wuri mai zafi, tana sandarewa ta manne. Wajen hucewa sai ta ɓantaro fuskar farantin, ta bar ƙananan ramuka da ba sa gyaruwa. A kashe wuta, a kankare nan take da reza mai mariƙi tun da zafinsa, kada a jira ya huce. Leda da ta narke ma haka ake yi mata.

Sai yashi ko gishiri a gindin tukunya. Jan tukunyar a kai na barin zane, don haka a goge gindinta, a riƙa ɗagawa. Sannan duka: tabarya ko kwalba ta faɗo da baki a gefensa, ya tsage. Da zarar an ga tsaga, a cire murhun daga wutar lantarki, don miya na iya sauka kan wayoyi.

Gilashin murhun gas ma shi ne?

Galibi a'a. Masu araha da ke kasuwa gilashi ne da aka ƙarfafa ta hanyar sanyaya shi da iska da sauri. Yana jure duka, amma bai kai gilashin tangaran jure zafi ba. A ɗora ƙatuwar tukunyar biki da ta rufe kan murhun, harshen wuta ya kwanta kan gilashin, sai ya tarwatse ya zama tsakuwa-tsakuwa.

Banda kicin fa?

Da irinsa mai suna Zerodur aka yi madubai huɗu na babban abin hangen taurari da ke ƙasar Cile, kowanne faɗinsa mita 8.2, saboda sanyin dare ba ya karkata su. Likitocin haƙori na yin hular haƙori da wani nau'insa, kuma tun daga iPhone 12 a 2020 ake sa shi a fuskar wayar.